Aiken da Farfesa Ya Yi Mini Zuwa Akara

Tun da na dawo daga Gana ba ni da sakat a majalisarmu ta gindin darbejiya. Kowa ya gan ni sai ya ce, "Baba Haladu, ba mu labari." Na ba su na dariya har ya ƙare, sun ƙyaƙyata, sun saya mini shayi. To amma akwai ragowar da na kasa faɗa da baki, domin mutumin da ya shekara saba'in yana ba jama'a dariya, ranar da ya fara maganar gaske sai su tsaya suna jiran wurin dariyar. Shi ya sa na sayi littafin 'yan makaranta na zauna. Aji uku na yi a firamare aka sallame ni saboda na saka wa malam kwaɗo a aljihu, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri.

Farfesa ɗan gwaggona ne, ni ɗan kawunsa, wato taubasai muke. Shekara talatin ina tuƙa shi a jami'ar da ya koyar, da ya yi ritaya muka dawo Azare tare. Abin da ya karanta shi ne ilimin halayyar ɗan Adam, binciken abin da ke cikin kan mutane. Na sha tambayarsa me ya gano a nawa kan, tunda ba abin da ya fi kallo a duniya kamar ƙeyata. Yakan ce ya leƙa, ɗakin a share yake, ba kowa a ciki.

Asalinmu Shira ne. Fulatancin ya tafi ya bar mana kunyar, kuma ni ban samu rabona ba, Farfesa ya haɗa nasa da nawa. Ɗansa na fari Bello yanzu da furfura, yana aiki a sakatariyar Yana, amma har yau ban taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. "Wancan" yake ce masa. Ba ya yabonsa, ba ya kallon idonsa. Mu nan kowa ya san ma'anar wannan, ba sai an yi bayani ba.

Ɗalibin farko da Farfesa ya raina har ya zama dokta wani yaro ne daga Gana, Kwabena. Ya zo da akwati ɗaya da babban kai, ya shekara takwas tare da mu har Hausa ta zauna a bakinsa. A gidan Farfesa yake cin tuwon dare, Hajiya matar Farfesa ta san miyar kuka ce abarsa. Ɗaliban da suka biyo baya Farfesa yana kiran sunansu, yana wasa da su, wani ma ya dafa masa kafaɗa. Shi kuwa Kwabena, "kai" ne in yana nan, "yaron nan" in ba ya nan. Takardunsa su suka fi shan jan biro. Da ya gama ya tafi, bai sake waiwayo ba, fiye da shekara ashirin ke nan.

A daminar bana takarda ta zo. Wata ƙungiya ce ta malaman wannan ilimi na ƙasashen Afirka, duk shekara sukan zaɓi malami guda su karrama shi, ba don littattafan da ya rubuta ba, don ɗaliban da ya raina. Bana Farfesa suka zaɓa, za a yi taron a Akara, kuma shugaban ƙungiyar yanzu Kwabena ne. Farfesa kuwa zuciya ta kwantar da shi, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce ko Bauchi kada a kai shi sai dole. Bello ya ce a rubuta musu su aiko da abin. Da Bello ya fita, Farfesa ya juyo gare ni.

"Haladu, za ka iya zuwa?"

Na ce, "In ce musu me? Turancina na gaisuwa ne da zagin direbobi."

"Ka karɓo abin nasu kawai. In ka ga yaron nan…" Ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba. "Ka ce Hajiya tana gaishe shi."

A soro Hajiya ta tare ni da jaka. Ta ce, "Kuka ce da daddawa. Malam Haladu, ka taho mana da shi. Likita bai ba ɗan'uwanka wata daminar ba. Kullum sai ya sa Bello ya ciro masa rubuce-rubucen yaron nan, ya kwanta yana karantawa yana murmushi, in na shigo ya tura ƙarƙashin filo. Ba zai faɗa ba. Kai mai baki ne, ka yi amfani da shi sau ɗaya a kan abin kirki."

Aikena ke nan. Lambar yabo ta biyo baya.

Bello ya so in hau jirgi, na ce ban yarda da direban da ba na ganin hannunsa ba. Ya nemo mini fasfo, aka kai ni allurar shawara don in samu katin da ake tambaya a kan iyaka. Mata biyu da jarirai suna kallona sa'ad da na runtse ido ina salati, ɗayar ta ce, "Baba, ai tuni an gama."

Daga Azare zuwa Kano na gane cewa ba azabar da ta kai tsohon direba ya zauna a kujerar fasinja. Tun kafin gadar Jama'are nake taka birkin da babu shi. A Wudil direban ya juyo ya ce, "Baba, ka bar huda mini ƙasan mota, birkin yana wajena." Na ce da na san yana wajenka da hankalina ya kwanta.

A Kano na shiga doguwar bas ta Legas. Ba mu kai Zariya ba daddawar Hajiya ta fara gabatar da kanta, domin na ƙi a saka jakar a ƙasa. Aka rufe tagogi saboda ruwa, sai mutane suka fara waige-waige. Ni ma na toshe hanci na shiga neman mai laifi, har na nuna takalman wani ɗan kasuwa da ke zaune kusa da ni. Bawan Allah ya cire su ya ɗaure a leda, ya yi tafiyar nan duka da safa, yana ba mutane haƙuri. Na yi dariya a ciki har haƙarƙarina ya yi ciwo. Ina rubuta wannan ne don ku san irin ɗan aiken da aka tura sulhu.

A tashar motocin Akara da ke Legas na haɗu da Ladi mai atamfa, 'yar Zangon Akara, mace mai jiki da murya, wadda ke bin hanyar nan duk wata. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce, "Baba, wa ya bar ka ka fito kai kaɗai?" Daga nan ta karɓe fasfona ta saka a lalitarta, ta ce in na riƙe shi kafin Kwatano na yar.

A kan iyakar farko wani jami'i ya buɗe jakar ya ga ƙulle-ƙullen koren gari a leda. Ya tambaye ni da Faransanci. Ladi ta tafi buga hatimi, don haka na shiga bayani da hannu. Na nuna ana kaɗawa, na nuna ana kai wa baki, na lumshe ido na shafa ƙirji don ya gane daɗin abin. Ashe lumshe idon ne ya ɓata komai. Ya kira wasu biyu, aka zaunar da ni a benci, aka jera ledojin a kan tebur kamar an kama babban mutum. Da Ladi ta dawo ta yi salati, ta karɓi ruwa ta dama kukar a murfin kwano, ta ɗaga da yatsa tana nuna musu yauƙi tana zuba Faransanci kamar famfo. Babbansu bai gamsu ba sai da ya kwance ɗayar ledar ya kai hanci. Daddawar ce. Bai sake tambaya ba, da kansa ya ɗaure jakar ya nuna mana hanya.

A mota na ba Ladi labarin abin da ya fito da ni. Ta ce, "Kai aka aika sulhu?" Na ce ni. Ta ce, "To Allah ya kyauta."

Kwatano mata ne a kan babur, da ɗankwali da jaka, suna tsere da maza, ba mai kallonsu sai ni. Togo kuwa faɗinta ta wurin nan bai fi daga Azare zuwa Misau ba, na ɓare goro a wannan iyakar, ban gama tauna ba aka ce mu sauko a waccan. Ƙasa uku a wuni ɗaya, kowace da kakinta da kuɗinta, amma masu gasa masara a bakin titi duk iri ɗaya ne. Teku na gan shi ta taga. Ruwa ne mai yawa, ba a sha, ba a ban ruwa da shi.

Bayan mun shiga Gana muka tarar da taro ya tare rabin hanya, mutane cikin baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa, ga ƙaton hoton wani dattijo. Na ce wa Ladi angon nan ya tsufa. Ta ce mutuwa ce. Su a nan sai a ajiye mamaci a asibiti har wata guda, a tara dangi daga ko'ina, kowa ya karɓi lasifika ya faɗi alherinsa. Na ce mu kafin la'asar mun rufe, mun yi addu'a, mun watse, wa yake da lokacin yabon wanda ba ya ji? Ladi ta ce, "Ku ai ko mai ji ba kwa yabo." Na mayar da abin wasa, amma ya zauna mini.

Na sauka a Zango gidan yayan Ladi. Hausa suke yi, sai dai ta ɗan kwana a hanya, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsu. Sun karɓe ni kamar na shekara ina zuwa. Aka kawo mini dokunu, wato tuwon masara ne da ya yi fushi, an naɗe shi a ɓawon masara, ga soyayyen kifi ga barkono. Loma ɗaya na ji tsamin har kunne. Da safe kuma wake da shinkafa, amma sun ɗora masa taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya, kamar an ce wa mai dafawa gobe za a tashi duniya. Wannan kam na cinye na nemi ƙari.

Ba wanda ya gaya mini agogonsu yana bayan namu da awa guda. Na saka babbar rigar da Farfesa ya ara mini da tabarau, na isa otal ɗin taron ba kowa sai wata yarinya a tebur. Na miƙa mata takardar gayyata. Ta dubi takarda, ta dubi farin gemu, ta durƙusa, ta rataya mini kati a wuya mai sunan Farfesa. Da na so da na gyara mata. Ban so ba.

Shekara talatin ina kallonsa ta madubi, na san yadda ake yi. Ka cire tabarau, ka goge da bakin riga, ka dubi sama, ka ce "Intirestin." Matasa suka kewaye ni, kowa yana zuba bayanin bincikensa, ni ina goge tabarau. Wani ya yi magana mai tsawo na girgiza kai kawai, sai na ga ya ciro biro yana soke wani abu a takardarsa. Allah ya yafe mini, ban san me na rushe masa ba.

Ina tsakiyar wannan sarauta na ji an ce a bayana, da Hausar Arewa sak, "Haladu direba."

Kwabena ne. Kan nan nasa ya yi fari fat, ya yi jiki. Ya cire mini katin daga wuya a hankali, ya duba sunan da ke jiki, ya saka a aljihu.

"Ina shi?"

"Yana kwance. Zuciya."

Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce, "Bayan taro sai mu zauna."

Ya haɗa ni da wata ɗalibarsa 'yar Tamale mai jin Hausa ta riƙa fassara mini. A bangon zauren sun haska hoton itace. Ta ce salsalar malamai ce, wane ya karantar da wane, kamar yadda malamanmu na zaure suke jero nasu. Sunan Farfesa ne a gindi. Reshen farko, wanda ya fi kowane kauri, Kwabena ne, daga shi rassa sun bazu har sun kusa fita daga bangon. Na ce a raina, ga gonar mutum ta yi kyau, shi yana kwance a Azare ƙafa a kumbure.

Kafin a zo kan Farfesa, Kwabena ya kira nasa ɗaliban da suka gama bana. Ɗaya bayan ɗaya, da cikakken suna, ya faɗi abin da kowanne ya iya, ya rungume shi a gaban jama'a. Ni kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai. Na ce wa ɗalibar, wannan ai sai ya sa musu girman kai, ga kuma bakin mutane. Ta ce haka yake, har sunayen 'ya'yansu ya sani, kuma ba ya mayar wa ɗalibi takarda sai ya fara rubuta abin da ya yi daidai. Ta ce ya hana jan biro a sashensu gaba ɗaya.

Sai aka zo kan Farfesa. Tsofaffin ɗalibansa suka tashi, wasu na gane su, wasu sun yi tumbi sun ɓace mini. Wannan ya ce Farfesa ya biya shi har ɗaki sa'ad da ya yi niyyar barin karatu. Wannan ta ce da ta haihu ana tsakiyar bincike, shi ya riƙa kai mata littattafai gida. Ni na kai su, amma ba komai. An buga wasiƙunsu a ɗan littafi. Na tambayi ɗalibar ina ta Kwabena, ta juya shafuka ta ce babu. Shi ya karanta takardar karramawar, tsaf, ba kuskure, kamar mai karanta sanarwar ɗauke wuta. Ya miƙo mini wani gilashi mai nauyi da rubutu a jiki, aka yi tafi. Aka ba ni lasifika na ce Farfesa ya gode, kuma duk ilimin nan a bayan motata aka yi tunaninsa, don haka rabin gilashin nawa ne. Suka yi dariya. Abin da na iya ke nan.

Bayan la'asar muka zauna a barandar otal. Na tura masa jakar. Ya kwance, warin ya bugo shi, ya rufe ido ya daɗe. Ya ce, "Hajiya." Na ga ƙofa ta buɗe, na kutsa.

Na ce, "Kwabena, likita ya ce ba zai ga wata daminar ba. Ka zo mu tafi."

"Da ya aiko ka, me ya ce?"

"Ya ce in gaida Kwabena da kyau."

Ya dube ni. "Haladu, aikina ke nan, kallon mutane suna magana. Faɗi yadda ya faɗa."

Na faɗa. In ka ga yaron nan, Hajiya tana gaishe shi. Ya yi wata dariya da ba ta kai ido ba.

Na ce, "Kai ba ka gane ba ne. Ɗan fari ya ɗauke ka. Mu ba ma kiran…"

"Na sani. Na yi rubutu a kan wannan al'adar, ina koyar da ita a aji. Na san duk abin da za ka ce." Ya juya kofin da ke gabansa. "Ranar da na kare bincikena, baƙin malamai suka miƙe suna tafa mini. Aka ce Farfesa ya yi magana, ya ce ba laifi, ya fita. Shekarata talatin da ɗaya, uwata ta rasu ina can ban samu zuwa ba, ba ni da kowa a ƙasarku sai shi."

Na ce, "To ka san inda ya je da ya fita? Mota ya shigo, ya ce in ja. Muna fita ƙofar jami'a ya fashe da kuka kamar yaro, har na tsaya gefen titi. Daga nan kasuwa muka wuce ya sayi rago, aka yanka aka raba sadaka, ya ce in na faɗa wa kowa zai kore ni. Aikin da ka samu a waje ma, shi ya rubuta musu wasiƙa har uku."

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini haka ba ranar da na tambaye ka?"

"Yaushe ka tambaye ni?"

"Ranar da ka kai ni filin jirgi a Kano. Na ce maka, Haladu, kai kake jin abin da yake faɗa a mota, don Allah me yake cewa a kaina? Ka ce, cewa yake ya gaji da ganin ƙaton kanka, da ma ka tafi tun bara ya huta."

Wallahi ban tuna ba. Na zauna ina lalube a cikin kaina, ban samu ranar ba. Amma maganar tawa ce, na san ɗinkina. Irin abin da nake gaya wa kowa ne, kullum, tun ina yaro. A Azare in na ce maka wane ya gaji da ganinka, ka san ana nufin kai ne na gaban goshi.

Na ce, "Wasa ne."

"Na yi tunanin haka daga baya. Shekara goma daga baya. A cikin jirgin dai ban ɗauka wasa ba ne." Ba da fushi ya faɗa ba, da ma da fushin ne. "Ka san abin da na gano a aikin nan? Mutum yana iya gane dalilin ciwonsa sarai, ya zana shi a allo, ciwon yana nan. Duk abin da na zama a hannunsa na samu, ban taɓa musu ba. Da aka kawo sunansa ban hana ba. Amma na zauna in rubuta wasiƙar nan sau huɗu, in na rubuta 'malamina' sai hannuna ya tsaya."

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba tare da na saka dariya a ciki ba, na roƙe shi har muryata ta canza. Na ce laifina ne, ya ɗora mini, ya zo ya ga tsohon.

Ya rubuta lambarsa a bayan ɗan littafin wasiƙun. Ya ce, "Ya kira ni. Ba na son yabo, na wuce wurin. Ya kira sunana sau ɗaya, in ji a bakinsa, zan hau jirgi washegari."

Dawowa ba abin da zan ce a kai. Iyakokin nan uku suna nan, dokunu yana nan, ban tsokani kowa ba har Kano. Gilashin na naɗe shi a babbar riga na rungume.

Na sami Farfesa a tsakar gida an jingina shi da filo. Ya karɓi gilashin ya juya shi ya ajiye a gefe, ko rubutun bai karanta ba.

"Ka ga yaron nan?"

"Na gan shi. Ya yi furfura. Ɗalibansa sun cika zaure."

Ya kau da kai don kada in ga fuskarsa. Na gaya masa sharaɗin, ban rage ba ban ƙara ba. Har abin da na faɗa a hanyar filin jirgi na gaya masa. Na zaci zai zage ni, da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Ai kowa ya san bakinka."

"Shi bai sani ba. Farfesa, suna ne kawai."

"Bai san sunansa ba ne?"

"Daga bakinka yake so."

"Haladu, ka taɓa jin na kira wancan?" Yana nufin Bello.

Na ce, "Wancan jikan Shira ne, an haife shi a cikin abin. Wannan daga bakin teku ya zo. Kai fa ka karanta halayyar ɗan Adam, ni mota na karanta."

Kwana uku muna wannan. Hajiya ta sa baki, ta yi kuka. Ran na huɗu da yamma ya ce in kira. Na danna lambar na buɗe murya, na riƙe masa wayar kusa da baki.

Aka ɗauka. "Barka da yamma, Farfesa."

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Yaya aiki?"

"Da godiya."

"Yaya iyali? Yaya ruwa wajenku?"

"Lafiya lau. Yaya jiki?"

"Da sauƙi. An ce ka yi furfura."

"Na yi."

Gaisuwa ta ƙare. Ina jin numfashin Kwabena a wayar, yana jira. Na durƙusa gaban Farfesa ina motsa baki, ina nuna masa gaɓoɓin da yatsa, uku ne kacal. Na ga leɓɓansa sun haɗu, sun buɗe, gumi ya tsatso masa a goshi. Hajiya tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Ya ce, "To, a riƙa hutawa. Kada aiki ya yi yawa. Ka ji ko?"

Iyakar abin da ya fito ke nan. Sannan Kwabena ya ce, "Na ji, Farfesa. Allah ya ƙara sauƙi." Wayar ta mutu.

Farfesa ya koma kan filo yana haki, fuskarsa tana haske kamar wanda ya sauke buhu. Ya ce, "Ka ji muryarsa? Ta zama ta manya." Ya dubi Hajiya. "A gyara ɗakin baƙi." A wajensa ya faɗi komai. Bai taɓa gaya wa wani mahaluki ya huta ba, ko ni da na tuƙa shi Maiduguri da dawowa a wuni ɗaya.

Washegari saƙon murya ya shigo wayata. Kwabena ya ce ya gode da kuka, in gaida Hajiya, in kula da tsohon. Ya ce ba zai samu zuwa ba. Na sake kira sau biyu, ya ɗauka, mun gaisa da mutunci, maganar tana nan yadda take.

Hajiya ta ji saƙon. Farfesa ban sa masa ba. Kullum da hantsi, bayan ya sha magani, yakan ce, "Haladu, leƙa tasha mana." Sai in saka takalmi in je in zauna a bencin 'yan kamasho, in kalli motocin Kano suna sauke mutane har azahar. In dawo in ce masa hanya ce ba kyau, ruwa ya yi yawa bana. Yakan gyaɗa kai ya ce haka ne, tafiyar da nisa.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ɗazu da zan fito na ga Hajiya ta cire zanen gadon ɗakin baƙi tana shimfiɗa wani, don Farfesa ya ce na farko ya yi ƙura.